Na tuɓe kaki, na rungumi fayil

Takardar ritayata daga soja ta same ni a ofis wata Talata da hantsi, ƙarshen 2016. Ba zan ce ta zo mini da mamaki ba. Sau uku ke nan ana zama a kan sunana don ƙarin girma zuwa Birgediya ban haye ba, kuma duk hafsan da ya kai Kanar ya san abin da ke bin bayan na ukun. Duk da haka sai da na karanta ta sau biyu, na ninke na sa a aljihun kaki, na ci gaba da sa hannu a takardun da ke gabana kamar ba abin da ya faru. Da yamma direbana ya buɗe mini mota ya ƙame, sai na ji ina lissafin kwana nawa suka rage mini wani ɗan Adam ya sara mini.

Na shiga NDA, makarantar horon hafsoshin soja da ke Kaduna, a 1986 ina ɗan shekara 19, lokacin ba a daɗe da fara karatun digiri a can ba, na fito da anini a kafaɗa a 1991. Na yi Laberiya a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Ina Saliyo a 1998 lokacin da aka fatattaki sojojin da suka hamɓarar da shugaban ƙasar, Ahmad Tejan Kabbah, aka maido shi kan kujera. Na yi Darfur a 2008, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa hannu da Tarayyar Afirka a aikin kiyaye zaman lafiya, inda na sha cinikin albasa da Hausa a kasuwa. Amma in za a bi gaskiya, rabin aikina a kan tebur na yi shi, ina hafsan mulki a makarantun horon soja: lissafin abinci, gadaje, hutun ma'aikata, jadawalin jarrabawa. A tsakanin nan ne wani aboki ya ja ni muka yi digiri na biyu a fannin mulki a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ba hangen nesa ne ya kai ni ba, zaman banza na guda, ashe takardar za ta yi rana.

Barin soja ma aiki ne. Akwai takardar sallama da za ka zaga da ita ofis-ofis, kwatamasta mai kula da kayan bariki ya sa hannu cewa ba ka riƙe da kayan gwamnati, ma'ajiyar makamai ta sa, asibiti ya sa, mes, wurin cin abincin hafsoshi, ya sa cewa ba a bin ka bashi. Ka miƙa makullin gidan bariki. Ka tafi Abuja Hukumar Fanshon Soja da hotuna da takardunka tun daga ta ranar da aka ɗauke ka, ka dangwala yatsa. Mu dai mun ci sa'a tun 2011 aka fitar da soja daga tsarin fanshon karo-karo na farar hula. Na kuma je Oshodi a Legas, cibiyar da ake koya wa masu barin aiki sana'a, na dawo da littafi cike da bayanin kiwon kaji.

Kaji 500 na zuba a bayan gida. Zafin Afrilu ya kwashe fiye da rabi cikin mako biyu, sauran na sayar da asara. Daga nan sai zama. Sabo turken wawa: ƙarfe biyar na tashi, bayan sallar asuba in shiga ɗakin yara ina duba gyaran gado da wankin takalmi. Ranar da na ja yatsa a kan taga na nuna wa autarmu ƙura, uwargida ta kira ni gefe ta ce, "Alhaji, don girman Allah ka nemi abin yi kafin ka fara yi mana fareti a tsakar gida." Ita ce ma ta kawo mini jaridar da aka yi tallar kujerar magatakarda a wata kwalejin ilimi ta jiha.

Sharuɗɗan sun nemi digiri, da shekaru masu yawa a aikin mulki na babbar makaranta, da kwafi 20 na tarihin aiki, da mutum uku da za su aiko da shaida a rufe kai tsaye zuwa ga shugaban majalisar gudanarwa. Na yi shakkar ko za a lissafa makarantun soja a cikin manyan makarantu. Na dai rubuta. Bayan wata biyu aka kira ni intabiyu. Mu bakwai ne a benci, shida duk mataimakan magatakarda ne da suka tsufa a aikin, sun san juna, suna ta raha da sunayen mutanen da ban sani ba. Ni kaɗai na zo da takalmi mai ƙyalli ina zaune a miƙe kamar an haɗiye taɓarya.

A ciki wani dattijo ɗan majalisa ya tambaye ni, "Kanar, in ka ba malami umarni ya ƙi bi, yaya za ka yi?" Na ce zan zauna da shi in ji dalilinsa. Amsa ce mai kyau, ni ma na ji daɗinta a bakina, amma Allah ya sani ban yarda da ita ba a ranar. A raina cewa nake, ai ba zai ƙi ba. Majalisa ta tura sunaye uku wurin gwamna, aka zaɓe ni, wa'adin shekara huɗu. Kafin in kama aiki ƙungiyar manyan ma'aikata ta riga ta rubuta takardar ƙorafi cewa an tsallake 'yan gida an ɗauko baƙo. Wanda ya fi kowa cancantar jin haushin shi ne babban mataimakina, mutumin da ya yi shekara 26 a wannan ofis yana jiran kujerar. Ya karɓe ni da ladabi mai sanyi, irin wanda ya fi zagi ciwo.

Ranar farko, farkon 2018, ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ofis. Ba kowa sai wani tsohon masinja yana shara, kowa Baba yake ce masa. Ya dube ni ya dubi agogon bango ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi rasuwa ne?" Taron da aka sa ƙarfe goma bai fara ba sai sha ɗaya da kwata. Da shugaban kwaleji ya shigo na miƙe zumbur na haɗa ƙafa, ni kaɗai a ɗakin. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Abin da ban fahimta ba da farko shi ne ba ni ake ƙi ba, kakin da na tuɓe ake gani. Manyan malaman nan da yawansu sun yi karatu a Samaru, wasu suna can lokacin da gwamnatin Abacha ta naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora mai ritaya kantoman Jami'ar Ahmadu Bello a 1995, ya riƙe ta har 1998. Ra'ayi a kansa ya rabu, wani ya yaba wani ya kushe, amma ko masu yabon ba su so a ce jami'a sai da soja za ta zauna lafiya ba. Da wannan ido aka tarbe ni. Ni kuma, maimakon in kwantar musu da hankali, sai na ba su hujja a makona na uku.

Na tarar sakamakon jarrabawa na zango biyu bai fito ba. Ɗaliban da suka gama NCE suna zuwa kullum suna tsayawa a baranda, wata da goyo, wani ya zo daga ƙauye da kuɗin mota na aro, ana ce musu su dawo wani mako. Ba takardar shaida, ba neman aikin koyarwa. Raina ya ɓaci, kuma har yau ina ganin ya cancanci ɓaci. Na zauna na rubuta takarda irin wadda aka koya mana a kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji, inda malami zai bi rubutunka da jan biro har sai ba kalmar banza ko ɗaya: manufa, halin da ake ciki, abin da za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe. Na ba shugabannin sassa kwana 14, na rufe da cewa duk wanda ya saɓa zai karɓi takardar neman ba'asi. Mataimakina ya karanta, ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya kai aka buga aka raba. Ya san ramin da zan faɗa, bai ce uffan ba.

Kwana 14 suka cika, sashe biyu kacal suka kawo. A zaman majalisar malamai na gaba, kafin a taɓa ajanda, wata Dakta shugabar tsangaya, mace mai sanyin murya da ta kusa ritaya, ta ɗaga hannu. Ta ɗauko takardata ta karanta ta daga farko har ƙarshe, a hankali, ba ta ƙara ko wasali ba. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Ranka ya daɗe shugaba, ina so a tuna wa ɗan'uwanmu magatakarda cewa a wannan zaure shi sakatare ne. Aikinsa ya rubuta abin da muka yanke. Malami ba ya ƙarƙashinsa." Ɗakin ya yi tsit. Na taɓa kwana a rami ana ruwan harsashi a kaina, amma ban taɓa jin gumi ya bi bayana kamar na wannan rana ba. Kuma gaskiyarta ne, haka dokar kwalejin ta ce. Na karanta dokar kafin intabiyu, na haddace ta ma, amma da idon soja na karanta, inda duk wanda ya riƙe takarda ya riƙe mutum.

Baba ne ya same ni da yamma ina zaune ban kunna fitila ba. Ya ajiye mini shayi, ya tsaya yana goge teburin da ba datti. Ya ce, "Na yi wa magatakarda biyar aiki kafin kai. A gidan nan, in kana so abu ya wuce, kada ya fito daga bakinka." Na ce to daga bakin wa? Ya ce, "Daga bakin wanda zai hana shi wucewa."

Washegari na bar mota na taka da ƙafa zuwa ofishin Daktar nan. Ban je da fayil ba. Na ce, "Hajiya, na zo a koya mini." Ta bar ni a tsaye kamar minti ɗaya, sannan ta nuna mini kujera, ta buɗe wani kabad. Takardun amsa ne ɗaure da igiya tun daga ƙasa har sama. Darussan ilimi na bai-ɗaya kowane ɗalibi ke ɗauka, ko wane fanni yake karanta, don haka malami ɗaya kan tashi da takarda kusan 900. Da hannu zai duba, da hannu zai haɗa makin gwaji da na jarrabawa, da hannu zai kwafe a babbar takarda, in ya yi kuskure a layi ɗaya ya sake shafi. Ɗan alawus ɗin duba takardun kuma an yi shekara biyu ba a biya ba. Ruwa ba ya tsami banza. A soja ba zan taɓa tura kamfani wani wuri ban tambayi mai da abinci da harsashi ba, amma ga shi na ba mutane wa'adi ban tambayi komai ba, don kawai ba su sa kaki ba.

Mako uku na yi ina zaga ofisoshin shugabannin sassa, na sha shayi har ya ishe ni. Muka tsara a riƙa duba manyan darussa a taru a ɗaki ɗaya, malamai da yawa a raba takardun, a shigar da maki a kwamfuta sau ɗaya. Na bi ma'ajin kwaleji har gida sai da ya samo rabin bashin alawus. Da ranar zama ta zo, Hajiya ce ta gabatar da shawarar a matsayin tata. Minti goma ba a yi ba aka amince. Ni kuwa na sunkuyar da kai na rubuta, kamar yadda ta ce aikina ne. A nan na gano ƙarfin da ke hannun mai rubuta bayanan taro. Mutum 40 za su yi awa huɗu suna magana, kowa ya tashi da abin da yake zaton an yanke, amma abin da aka yanke shi ne abin da ka rubuta aka amince da shi a zama na gaba. Amana ce mai nauyi, kuma na ga yadda za a iya cin ta ba wanda ya lura. Na ɗauki al'adar karanta matsaya da ƙarfi kafin a wuce kowane batu, da sunan wanda zai aiwatar da ranar da zai kawo rahoto. Wannan ɗaya daga Jaji na zo da shi, kuma ya zauna.

Ban gama koyo ba. A jarrabawar zango na biyu aka kama wani yaro da takardar satar amsa a cikin safa. A bariki irin wannan ba ya kwana: samanja ya shigo da mai laifi da gudu ba hula, a karanta masa laifinsa, a tambaye shi, kwamanda ya yanke, minti goma an gama. Na sa aka rubuta sanarwar kora a ranar. Kafin a manna ta lauyan kwaleji ya shigo da sauri har yana tuntuɓe. Ya zaunar da ni ya ba ni labarin shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986, inda ta soke korar ɗaliban da aka sallama bayan wata tarzoma saboda ba a ba su cikakkiyar damar kare kansu ba. Ya buɗe mini sashe na 36 na tsarin mulkin 1999. Ya ce sai an rubuta wa yaron tuhuma, an ba shi lokaci, ya zo gaban kwamiti ya ga mai zarginsa ya yi masa tambaya, sannan rahoto ya je majalisar malamai. Na ce yaron da aka kama dumu-dumu? Ya ce ko da a bakinsa aka ciro takardar.

Mako bakwai aka yi. Ina ta ƙunƙuni a zuci cewa ɓata lokaci ne, kuma a ƙarshe korar yaron aka yi, kamar yadda na so tun ranar farko. Sai dai a zama na uku wani ɗan kwamiti ya lura cewa amsoshin da ke takardar sun bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, har da lambobinsu. Aka matsa wa yaron, ya faɗi inda ya sayo. Daga ɗakin buga jarrabawa tambayoyin suka fita, ɗakin da ke ƙarƙashin ofishina, makullinsa a aljihuna. Wani akawu da nake yaba wa don ba ya latti ne ke ɗaukar hotonsu da waya. Da na kori yaron a minti goma, da akawun yana nan har yau. Ni na rubuta wannan rahoto da hannuna, na karanta shi a gaban majalisa, har da layin da ya ce sakacin daga ofishin magatakarda yake. Bayan zaman mataimakina ya biyo ni ofis, karo na farko ba tare da na kira shi ba, ya ce akwai wasu ƙofofi biyu da ya kamata a canza wa kwaɗo.

Inda kakin ya yi mini rana shi ne ranar ruwa. Watan Maris ne, zafi ya kankama, injin rijiyar burtsatsen ɗakin kwanan mata ya ƙone kwana huɗu ba wanda ya gaya mini. Takardar gyaran tana yawo tsakanin sashen ayyuka da ofishin kuɗi. Da safe ɗalibai suka rufe babbar ƙofa da bokitai da duwatsu, mazan suka shigo ciki, aka fara ƙona taya. Shugaban kwaleji yana Abuja. Wasu manya suka taru a ofishina suna cewa a kira 'yan sandan kwantar da tarzoma, wani har yana cewa ai Kanar na da mutane a bariki, waya ɗaya ta isa. Su da ke tsoron soja jiya, yau su ke neman a kawo shi.

Na ƙi. Ba don tausayi kaɗai ba, don na san abin da bindiga ke yi a hannun yaro ɗan shekara 22 da aka jefa da dutse. An gani a 1978 lokacin zanga-zangar da ɗalibai suka yi wa Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, kan ƙarin kuɗin abinci, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. An sake gani a Samaru a watan Mayun 1986, shekarar da na shiga NDA. Wanda bai taɓa ɗaukar gawa ba shi ke saurin cewa a kira masu bindiga. Na cire hula na ajiye, na fita ni da Baba, wanda ya ƙi zama ko da na ce ya zauna.

Ihu ya tashi da suka gan ni, wani ya jefo robar ruwa ta wuce ta kunnena. Ban tsaya ba, ban kuma yi sauri ba. Na nemi shugabar ɗakin kwanan, wata 'yar siririya da muryarta ta dushe. Ta ce mini, "Baba, kwana huɗu ba mu yi wanka ba, da ruwan leda muke alwala." Na ce ta kai ni in gani. Gani ya kori ji. Ban ɗakunan nan ko a sansanin gudun hijira ban ga irinsu ba. A tsaye a wurin na yi lissafi a bayan ambulan. A Darfur ma'aikatan agaji lita 15 suke ƙiyasta wa mutum ɗaya a rana, mafi ƙaranci. Ɗalibai wajen 800, lita 12,000 ke nan, tanka ɗaya ba ta isa ba, biyu za su wadatar. Na ce musu tankar farko za ta shigo kafin azahar, ta biyu kafin magariba, inji kuma kwana uku, ni kuma ina nan a gindin bishiyar nan ba inda za ni sai ruwa ya zo. Amma tanka ba ta tashi sama, sai an buɗe ƙofa. Suka yi dariya, suka kwashe duwatsun da kansu. Da kuɗin aljihuna na biya tankar farko, abin da mai binciken kuɗi ya yi wata uku yana yi mini faɗa a kai kafin a maido mini, kuma shi ma da gaskiyarsa.

Maganar ɗaukar ɗalibai ba ta ba ni wahala yadda aka tsorata ni ba. Tun 2017 JAMB ta koma tantance kowane suna ta intanet, don haka in wani babba ya aiko da 'yar takarda, ko tsohon abokin kwas da ya zama janar ya bugo waya, sai in ce kwamfuta ce ba ta san mutunci ba. Damuwarmu ta gaske ma ba yawan masu nema ba ce, ƙarancinsu ne. Yaro ba ya zaɓar kwalejin ilimi sai jami'a ta ƙi shi, kuma daga cikin waɗannan ne za a fitar da masu koyar da 'ya'yanmu a firamare. Gine-gine kuwa, in ka ga sabon fenti a harabar, to kuɗin TETFund ne, asusun tallafa wa manyan makarantu da dokar 2011 ta tsara a raba shi kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga irinmu. Shi ma ba ya sakin kashi na gaba sai ka kawo lissafin na baya, abin da ya dace da halina sarai.

Da lokacin zuwan masu tantancewa daga NCCE ya matso, hukumar da ke sa ido a kan kwalejojin ilimi tun 1989, sai na ga abin da ya sa ni murmushi. Ana shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, ana sare ciyawa, ana rataya sunaye a ƙofofi. Sak bariki ranar da babban kwamanda zai kawo ziyara. A nan ba ni da bakin magana, na shafa wa duwatsu farar ƙasa fiye da kowa a garin. Amma da aka zo da shawarar a aro littattafai da na'urorin ɗakin gwaji daga wata makaranta a jera na kwana uku, na ce ban da sa hannuna. Wannan karon ban rubuta takarda ba, Hajiya na je na samu. Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka bar sashe ɗaya ya fuskanci masu tantancewa da abin da yake da shi. Amincewar wucin gadi ya samu, shugaban sashen ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwata. Da rahoton muka nemi kuɗin kayan aikin, aka saya na gaske. Ba zan ce kowa ya yafe mini ba.

Akwai abin da har na bar wurin ban saba da shi ba. Latti ɗaya ne. Na biyu, yadda ake kafa kwamiti don a binne magana, ba don a warware ta ba. In ka ji an ce a kafa ƙaramin kwamiti ba a sa masa rana ba, to ka yi wa batun addu'a. Na uku shi ya fi ci mini rai. A soja, duk tsaurinmu, an koya mana hafsa ba ya cin abinci sai yaransa sun ci, kuma dole ka san sunan matar kofur ɗinka da ciwon ɗansa. A kwaleji na tarar masu shara da masu gadi na wucin gadi sun yi wata biyar ba albashi, mutane masu digiri uku suna wuce su kullum da safe ba wanda ya sani. Lokacin da aka rufe makarantu saboda korona a Maris 2020, harabar ta koma kamar maƙabarta, su kaɗai ke zuwa. Na mayar da sunayensu shafin farko na duk takardar biyan da ta bi ta teburina. Wannan ban nemi bakin kowa ba, kuma ba wanda ya tashi a majalisa ya tuna mini ni sakatare ne.

Wa'adina ya cika a farkon 2022. Ban nemi ƙari ba. Majalisa ta yi talla, aka yi intabiyu, mataimakina ya samu, bayan shekara 30 a ofishin. Na zauna dare uku na rubuta masa takardar miƙa aiki yadda ake yi a bataliya, shafi 42, da jerin kadarori, da shari'o'in da ke kotu, da matsayar majalisa da ba a aiwatar ba tukuna, kowanne da lambarsa. Na sa aka yi mata bango mai kyau.

Ranar miƙawa ya karɓa da hannu biyu, ya auna nauyinta, ya ajiye a gefen tebur bai buɗe ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ke ciki ai tare muka yi. Abu biyu nake so: makullin ɗakin buga jarrabawa, da lambar mai gyaran injin burtsatse." Na ciro makullin daga aljihu na ba shi, na karanta masa lambar ya rubuta a tafin hannu. Baba ya ɗauki jakata ya raka ni har mota. Da na zauna ya rufe mini ƙofa, ya ja da baya taku ɗaya, ya ɗaga hannun hagu ya sara mini, tsintsiya a hannun dama.